Yatsu Biyu a Kan Makunni

Tun da Auta ta dawo daga filin jirgi da hannu a naɗe, abinci bai sake zama a cikinta ba. Kullum sai ta zo bayan shagon uwarta, ta zauna a kan akwatin lemo, ta zuba wa firiza ido kamar ita ta yi mata laifi. Uwar, wadda duk layin ke kira Mai Ƙanƙara don ita ke sayar musu da ƙanƙara da ruwan sanyi, ta ƙyale ta. Ƙyalewa kuwa ba halinta ba ne. Mace ce da in ka taka ta, kafin ka ɗage ƙafa ka ji tarihin gidanku.

Abin da kowa ya sani shi ne wannan. Jirgin kaya ne, mai farfela biyu. Kyaftin ɗinsa yayan Mai Ƙanƙara ne, ciki ɗaya, Auta kuma mataimakiyarsa. Suna gab da sauka jirgin ya faɗo a kan titin saukar jirage kamar an yar da buhu, ƙafarsa ɗaya ta karye, fiffike ya daki ƙasa. Ba wanda ya mutu. Kwamitin bincike ya ce ƙanƙara ce ta taru a fuka-fukan, ba a kunna abin fasa ta ba, kuma dubawa da kunnawar aikin mataimaki ne. Jibi za su zauna su yanke ko a karɓe lasisin Auta. In an karɓe, ita da tuƙi har abada.

Ranar dai haƙurin ya ƙare. Mai Ƙanƙara ta rufe murfin firiza da ƙarfi ta juyo.

"Wai ni ƙanƙarar me a sama? Mu nan sai mun roƙi masu wuta muke ganin ta, ku can bin ku take yi kyauta?"

Auta ta yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Mama, sanyin can ya fi na firizarki. A cikin gajimare akwai ruwan da bai daskare ba, jira yake wani abu ya taɓa shi. Da fiffike ya ratsa, sai ya manne a gabansa ya daskare."

"Sai jirgin ya yi nauyi."

"Ba nauyin ne abin tsoro ba. Siffar fiffiken ce ke riƙe mu a iska. In ƙanƙara ta ɓata siffar, iskar sai ta sake mu."

Ta jawo faranti da hannunta mai lafiya, ta shafa bakinsa. "A nan gaban akwai baƙar roba a shimfiɗe, kamar tiyub ɗin keke. In an danna makunni, iska daga injin ta hura ta, ta kumbura, ƙanƙarar ta tsage ta zube. Sai ta sace, ta sake kumbura. Farfela da gilashin gaba da ɗan bututun da ke auna gudu, su wuta ke ɗumama su, kuma tun kafin mu shiga gajimare na kunna su. Robar ce ta rage."

"To ai gara a bari ta yi kauri," in ji Mai Ƙanƙara. "Ni in siririya ce a bangon firiza, ko da wuƙa ba ta ɓamɓaruwa. Sai ta yi kauri take fitowa gaba ɗaya."

Auta ta ɗago ta dube ta. "Haka Kawu ke cewa."

"Ka ji. Ai ba a banza ya tsufa a sama ba."

"Haka aka koya musu a zamaninsu. Wai a jira ta kai kaurin yatsa, in an yi gaggawa robar za ta tura ta waje ta zama ƙoƙo, ta yi ta kumbura a ciki a banza. An daɗe da barin wannan, Mama. Littafin jirgin nan cewa ya yi da ka gani ka kunna. Ba sai mai kauri ke kayar da jirgi ba. 'Yar siririya mai kaushi kamar yashi ta isa."

"Ke kin san haka?"

"Na sani."

"Kin ga ƙanƙarar?"

"Na gani."

"To uban me ya riƙe miki hannu?"

Auta ta ajiye farantin a hankali. "Kawu."

Sai maganar ta fito, guntu-guntu. Ta leƙa ta taga ta ga farin layi a gaban fiffike. Ta kai hannu sama wajen makunni. Kawu bai ko juyo ba, ya miƙo yatsu biyu ya ɗora a bayan hannunta. Sai ta janye hannun ta mayar kan cinya.

Mai Ƙanƙara ba ta buƙatar a yi mata bayanin yatsun nan. Yaya ba ya ɗaga murya, bai taɓa yi ba. In ana magana a gabansa ta ishe shi, yatsu biyu yake ɗorawa a kan tebur, ɗakin ya yi tsit. Tun rasuwar iyayensu, tana yarinya yana saurayi, da yatsun nan ya raine ta.

"Ba akwai abin da ke naɗar maganarku ba?"

"Murya yake ji, Mama. Ba ya ganin hannu."

"Shi me ya ce wa kwamitin?"

"Ya ce idonsa na kan agogunan gabansa. Ba wanda ya gaya masa akwai ƙanƙara."

"Ke kuma?"

"Na ce na makara."

Mai Ƙanƙara ta cire ledar da take ɗaurawa a ƙugu don kada ruwa ya jiƙa ta, ta wurgar a kan firiza. Ko shagon ba ta rufe ba.

Duk hanya tana shirya maganar da za ta yi. A cikin mota ma ta fara ta a fili, har na kusa da ita ya matsa. Mutum ya ɗauki 'yar ƙanwarsa ya shimfiɗa a ƙasa ya taka ya haye! Amma da ta iso ƙofar gidan, ta ga kanta tana goge takalmi a kan tabarmar bakin ƙofa har sau biyu, kamar yadda ta saba. Ta yi tsaki ta shiga.

Matar Yaya ce ta tare ta. "A'a, manya. Yau an bar ƙanƙara ta narke?"

"Ta narke. Ina mijinki?"

"Ko gaisuwa babu?"

"Na ci bashinta. Ina yake?"

Yana falo, a kujerarsa ta kusa da taga, da tabarau a hanci. Bangon cike da hotunansa cikin farar riga mai igiyoyi a kafaɗa. A kan tebur ga ɗan jirgin roba da jikoki suka karya wa wutsiya. Ya rame. Wannan ta fara gani, kuma ta ji haushin kanta da ta gani.

"Zauna," ya ce.

"A tsaye na zo."

"To tsaya."

"Yaya, ka taɓa hannun yarinyar nan ko ba ka taɓa ba?"

Ya cire tabarau ya naɗe. "Ita ta ce miki?"

"Ni na matse ta. Ka taɓa?"

"Ƙanƙarar ba ta kai ba. Tun ba a haifi Auta ba nake ratsa gajimare da robar nan. Na san lokacinta."

"Lokacinta ne ya karya ƙafar jirgi?"

Matar Yaya da ta shigo da shayi ta ajiye tiren a bakin tebur ta koma da baya.

"Ni ban yi makaranta ba," in ji Mai Ƙanƙara, "ban san littafinku ba. Amma na san in na hana mutum ɗaukar kaya, kayan suka lalace, ba na zuwa in ce shi ne bai ɗauka ba. Jibi za ka je ka gaya musu ka ɗora mata hannu."

"Kin san saura kaɗan in ajiye aiki?"

"Na sani."

"Tsawon rayuwata ban taɓa ƙwarzane fentin jirgi ba. Kina so a rufe da wannan? Ita yarinya ce. In sun karɓe, zan sama mata kujera a ofis, ta riƙa tsara tashin jirage. Aiki ne mai mutunci. Tana kwana a gida, hankalinki a kwance."

"Kujera. Yarinyar da ta hana kanta barci shekara da shekaru, kai za ka ba ta kujera? Akwai kujera a shagona."

"Wa ya kai ta makarantar tuƙin?"

"Kai. Kuma na gode, na sake godewa, har bakina ya gaji. Ka kai ta ne don ka samu wadda za ka kwanta a kai ranar da ka faɗi?"

Ba ta taɓa yi masa magana haka ba. Ta dafa bayan kujera. Shi kuwa ya dubi ɗan jirgin robar.

"Bari in tambaye ki," ya ce. "Na ɗora mata hannu, na yarda, a ɗakin nan. Na toshe mata baki?"

"Me kake nufi?"

"Abu na farko da ake koya wa mataimaki ke nan. In kyaftin ya yi abin da ba daidai ba, ka faɗa da murya. In bai ji ba ka sake faɗa. In ya ƙi, ka kai hannu ka yi da kanka. Don haka aka sa mutum biyu a gaba, ba don hira ba. Na yi tuƙi da yara maza da suka ce mini, Kyaftin, ba haka ba ne, na ji haushi, na kunna. Da ta ce ƙanƙara, kalma ɗaya, da na'urar ta naɗa, da yau ni ke tsaye a gaban kwamiti. Ba ta ce ba." Ya mayar da tabarau. "Ni tuƙi na koya mata. Shirun ba ni na koya mata ba."

Mai Ƙanƙara ta saki bayan kujerar.

Ta so ta ce ƙarya yake yi, amma abin ya riga ya taso mata. A falon nan ne, Auta tana 'yar firamare, Kawu ya faɗi sunan wani gari ba daidai ba, yarinyar ta gyara masa tana dariya. Kafin ta rufe baki uwar ta kai mata bayan hannu, leɓen ya fashe. Har gida tana yi mata faɗa: babba yana magana kina sa baki, ke wace ce? Sannan ranar da aka fara haɗa su jirgi ɗaya, ita da kanta ta bi Auta har bakin titi tana gyara mata wuyan riga, tana cewa, kada in ji an ce kin yi musu da kawunki, in ya ce tsaya ki tsaya. Auta ta ce to, Mama. Kullum to take cewa. Ita kuma tana yawo a layi tana alfahari, wai 'yarta matuƙiya ce amma ko ido ba ta haɗawa da manya.

"Shan shayin fa?" in ji Yaya.

"Za ka je ko ba za ka je ba?"

"An kira ni, zan je. Abin da na faɗa shi zan maimaita."

"Allah ya isa ban iya yi maka ba, Yaya, don kai ka raine ni. Amma ka sani na so in yi."

Ta fita. A ƙofa matar Yaya ta riƙo mayafinta tana cewa a yi haƙuri, zumunci ya fi aiki. Ta fizge.

Ba ta hau mota ba. Ta taka da ƙafa, ta bi ta gaban masu walda da masu gyaran taya, rana na dukan ta, ba ta ji. Ta fito neman wanda za ta shaƙe, ga shi tana komawa da wuyanta a hannu. Wani mai faci yana hura tiyub yana tsoma shi a ruwa, ta tsaya tana kallon baƙar robar tana kumbura har ya ce, Mama, lafiya? Ta ce masa ya yi aikinsa.

Ta tarar Auta ta sayar da rabin ƙanƙarar da hannu ɗaya, tana goge ruwan da ya zuba a ƙasa.

"Bar wannan. Zauna."

Auta ta zauna.

"Jibi za ki gaya musu ya ɗora miki hannu."

"Mama, Kawu ne fa."

"Na san ko wane ne. Kafin ki san shi na san shi."

"In na faɗa, ba zai sake shiga gidanmu ba. Ke ma ba za ki shiga nasa ba."

"Wannan nawa ne, ni zan ɗauka."

"Kuma ba lallai su yarda ba. Maganata ce da tasa. Ko sun yarda za su ce me ya sa ban buɗe baki ba. Laifina yana nan."

"Yana nan. Ki ɗauki naki, ki ajiye masa nasa. Faɗa in ji."

"Me?"

"Abin da za ki ce musu. Ga ni, ni ce kwamitin."

Auta ta sunkuyar da kai. "Na ga ƙanƙara, na kai hannu..."

"Da wa kike? Da siminti?"

Ta ɗago kaɗan. "Na ga ƙanƙara, na kai hannu zan kunna, sai Kawu..."

"Ba kawun kowa ba ne a can. Me ake ce masa?"

"Kyaftin."

"To. Kuma ki dube ni."

Auta ta dube ta, sai idon ya zame ya koma kan firiza. Ta sake gwadawa, ya sake zamewa. Mace mai tuƙa jirgi cikin hadari, ta kasa kallon tsohuwa mai sayar da ruwan sanyi. Mai Ƙanƙara ta ji kamar an zuba mata ruwan firizar a baya. Aikinta ne wannan, ta yi shi da kyau, ba inda ta bar giɓi.

"Mama, ke kika ce..." Auta ta fara, ta yi shiru.

"Ƙarasa."

"Ba komai."

"Ƙarasa, na ce."

"Ke kika ce in ya ce tsaya in tsaya." Muryar ta fito da ƙarfin da ita kanta ba ta zata ba. "Hannuna na kan cinya, ina kallon abin yana ƙaruwa a fiffike, wallahi muryarki nake ji, ba tasa ba."

Wata mata ta leƙo tana neman ƙanƙarar ɗari. Mai Ƙanƙara ta ce an tashi, ta ja ƙofa.

"Haka za ki yi musu magana," ta ce. "Da wannan muryar. Sake daga farko."

Suka yi ta yi har aka ɗauke wuta, firizar ta yi shiru.

Ofishin kwamitin yana hawa na biyu, da dogon baranda da kujerun ƙarfe a jere. Mai gadi ya ce 'yan uwa a nan suke tsayawa. Ranar zaman, Yaya ya riga su zuwa, yana can ƙarshen barandar cikin farar riga, shi kaɗai. Mai Ƙanƙara ta ji gaisuwa ta taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye. Aka kira Auta ta shiga.

Ƙofar mai kauri ce, ba a jin komai. Ta zauna, ta tashi, ta sake zama. Ta tambayi mai gadi ko kullum haka suke daɗewa, ya ce wani lokaci har su ci abinci a ciki. Can aka buɗe, wani mai kwat ya leƙo ya ce Kyaftin ya shigo. Yaya ya wuce ta gabanta, ƙamshin turarensa na tun tana yarinya ya bi ta, bai dube ta ba.

Da Auta ta fito, rigarta ta jiƙe a baya. Ta zauna kusa da uwar ta jingina kai da bango.

"Kin faɗa?"

"Na faɗa. Suka kira shi suka ce in maimaita a gabansa."

"Kin maimaita?"

"Na maimaita."

"Ya ce me?"

"Ya ce bai tuna ba. Sai babbansu ya tambaye shi, a ganinsa yaushe ya kamata a kunna robar. Ya ce in ta kai kaurin yatsa. Suka dubi juna, suka ce in fita."

"Lasisin fa?"

"Ba su karɓe ba. Sun dakatar da ni. Zan koma horo, in sake jarrabawa, sannan a gani."

Mai Ƙanƙara ta sauke numfashi. Ta kai hannu za ta gyara mata wuyan riga, ta fasa.

"Sun tambaye ni me ya sa ban yi magana ba," in ji Auta.

"Kika ce?"

"Na ce haka aka raine ni."

"Suka ce wa ya raine ki?"

"Ba su tambaya ba."

Mai Ƙanƙara ta miƙe ta nufi ƙofar. Mai gadi ya sha gabanta.

"Mama, ina zuwa?"

"Akwai maganar da ba su ji ba."

"Sunanki na cikin waɗanda aka kira?"

"Ba ya ciki. Shi ne kuskurensu."

"To sai haƙuri. Ba a shiga."

Ta tsaya tana kallon ƙofar. Yayanta na ciki yana amsa tambayoyi, kuma ta san daga yau ko a makabarta suka haɗu ba lallai ya amsa mata ba. Auta ta zo ta kama ta da hannun mai lafiya.

"Mama, mu tafi."

"Sai ya fito."

"Ba zai kula ki ba."

"Na sani."

"To ni ba zan tsaya ba," in ji Auta. Ta saki hannun ta nufi matakala.

Mai Ƙanƙara ta buɗe baki za ta kira ta, ta rufe. Ta koma kan kujerar ƙarfen ta zauna ita kaɗai, tana jiran a buɗe ƙofa.